Makwarwar Gidan Sofi Tofik

Talata, 14 ga Oktoba, bayan la'asar

Yau Nask ta ajiye jakarta a kan benci, tsakanina da ita. Tun muna firamare muke zama benci ɗaya, kuma jaka a ƙasa take zama, kowa ya san haka. Na matsa gefe har rabin jikina ya fita daga bencin, a haka na yi darasin lissafi.

Jiya aka nuna Baffa Hoshmand, ƙanen Baba, a talabijin. Daya, wato mahaifiyata, har da ɗaura sabon ɗankwali, kamar zai gan ta ta cikin gilashin. Baba ya kira maƙwabta, aka yi shayi tukunya biyu. Baffa ya yi kyau cikin kwat ɗinsa mai ruwan toka. Ya yi magana a kan sabon littafinsa, wanda ya daɗe yana rubutawa, game da yadda zawiyoyi da jam'iyyu da ƙungiyoyin malamai suka yi ta jan garuruwanmu, kowa zuwa gefensa, a shekarun yaƙin 'yan'uwa. Na ji daɗi ƙwarai. Ina so in rubuta wannan don gaskiya ne: na ji daɗi har zuwa lokacin da ya ambaci makwarwar.

Daga nan maƙwabta suka fara tashi ɗaya bayan ɗaya. Wasu ko shayinsu ba su ƙarasa ba.

Laraba, 15 ga Oktoba, kafin makaranta

Ba na son zuwa. Zan je.

Laraba, bayan magariba

Baffa bai faɗi sunan kowa ba. Cewa ya yi, "wani dattijo, mu kira shi Hama." Garin ma wani suna ya ba shi. Sai dai ya ce dattijon yana da makwarwa mai ƙafa ɗaya a cikin keji, a rataye jikin ɓauren tsakar gidansa. A Sulaimaniya, inda Baffa ke koyarwa a jami'a, wannan ba komai ba ne. A nan kuwa ko yaron goye ya san Basha, makwarwar Sofi Tofik mai bandirin zawiya. Sofi Tofik kakan Nask ne. Bapir take ce masa, ni ma haka nake ce masa tun ina ƙarama.

Abin da dattijon ya faɗa a littafin, maganar saurayin nan ce da ya gudu cikin zawiya neman mafaka lokacin yaƙin. Tun kafin a haife ni garin nan ke cewa ya tsallaka dutse da asuba ya tafi abinsa, ba a sake jin labarinsa ba. Dattijon ya ce bai tsallaka ba. Ya ce manya sun zauna sun yi shawara. Ya ce akwai ƙofar baya, kuma shi ya zare sakatar.

Ba zan rubuta sauran ba.

Saurayin wan Mamosta Runak ne, malamarmu ta harshe; Mamosta muke ce wa duk mai koyarwa. Yau ta shigo aji kamar kullum, ta rubuta kwanan wata a allo da kyakkyawan rubutunta. Ba ta kalli gefen bencinmu ba.

Jakar tana nan.

Alhamis, 16 ga Oktoba, da azahar

Lokacin tara na tsaya kusa da famfo. 'Yan aji na sama suka wuce, ɗaya ta yi kukan makwarwa a ƙasan maƙoshinta, sauran suka kwashe da dariya. Ba sai an yi min bayani ba. Mafarauci yakan ɗauki makwarwar gida a keji ya hau dutse da ita, ta yi kira, 'yan'uwanta na daji su amince su fito, shi kuma yana bayan dutse da bindiga.

Nask tana jin su. Ba ta yi dariya ba. Ba ta kuma hana su ba.

Juma'a, 17 ga Oktoba, da hantsi

Bara ne, lokacin tsinkar rumman. Baffa ya zo hutu, ya ce yana neman tsofaffin zawiya waɗanda suka ga yaƙin, amma duk wanda ya je wurinsa sai ya cika shi da shayi da addu'a ya sallame shi. Ni na ce, "Ai Bapir ba ya ƙin baƙona." Babu wanda ya tambaye ni. Ni da ba na iya ɗaga hannu a aji, ranar bakina ya buɗe.

Muka je. Baffa ba ya aiki kamar yadda na zata. Bai fito da takarda ba, bai yi tambaya ba sai can. Ya zauna ya naɗe ƙafa, ya sha shayi kofi bayan kofi, ya saurari labarin ciwon gwiwa da tsadar kananzir da yadda matasa ba su iya riƙe bandiri ba. Sai da rana ta karkata ya nemi izini ya kunna 'yar na'urarsa. Bapir ya dube ni ya ce, "Baƙon jikata ne, kunna." Daga baya suka ce ni da Nask mu je lambu. Muka je, muka ci rumman har haƙoranmu suka mutu.

A hanyar dawowa Baffa ya yi nisa cikin tunani. Don in sa shi dariya na ba shi labarin yadda Basha ta rasa ƙafarta a tarkon dila, da yadda Bapir ya yi mata ɗauri da karan taba. Ya yi dariyar.

Asabar, 18 ga Oktoba, bayan isha'i

Na tuna jiya da shekaranjiya ban ji bandiri ba. Daren Juma'a ana jin sa har ɗakinmu, tun ina jaririya. An yi zikiri, na ji muryoyi, amma ba bandiri.

Lahadi, 19 ga Oktoba, da yamma

Jakar tana nan.

Litinin, 20 ga Oktoba, bayan la'asar

Baba ya yi waya da Baffa a tsakar gida, ya zata ba na ji.

"Mamosta babba," in ji Baba, haka yake ce masa idan ransa a ɓace yake. "Ka yi karatu a ƙasashe uku, ka dawo ka ɓoye mutum a bayan tsuntsuwarsa. Da ka ɓoye ni, sai ka ce wani direba mai tasi ruwan ɗorawa da ƙofa ɗaya ja, ko?"

Ban ji amsar Baffa ba.

"Ni ban ce ka yi ƙarya ba. Wa ya ce ka yi ƙarya? Da ƙarya ce ai da mun samu barci. Yau tun safe fasinja ɗaya na ɗauka, shi ma baƙo ne."

Baba ya sha cewa Baffa mutum ne mai sa'a: 'yan jam'iyya suna ce masa yaron malamai, malamai suna ce masa yaron jam'iyya, don haka babu inda za a gayyace shi cin abinci, ba zai yi ƙiba ba. Da wasa ne. Yau bai faɗe shi ba.

Laraba, 22 ga Oktoba, da azahar

Mamosta Runak ta raba mana takardun insha'i. Na fi kowa maki. Ta saba rubuta min 'yar kalma a ƙasa, wani lokaci har layi biyu. Yau maki kawai. Da ta ajiye takardar a gabana na ga ta rame a wuya. Na naɗe takardar na cusa a ƙasan jakata. Wata daga baya ta ce, "Ai gidansu sun iya rubutu." Ban ɗago kai ba har aka tashi.

Alhamis, 23 ga Oktoba, da yamma

An fara tsinkar rumman. Motoci suna ta wucewa da kwanduna. Kowace shekara kwandon farko na lambun su Nask gidanmu yake zuwa, Daya ta dafa ruwansa ya yi kauri, ta mayar musu da kwalba biyu. Na ga Daya ta wanke babbar tukunyar ta kife a rana. Da yamma ta mayar da ita ɗakin ajiya.

Asabar, 25 ga Oktoba, bayan azahar

Daya ta dawo daga gidan gurasa fuskarta a ɗaure. Na ji tana gaya wa Baba cewa an karɓi bandirin daga hannun Bapir "don ya huta". Ta ce a masallaci idan ya tsaya a sahu sai a bar gurbin mutum ɗaya a kowane gefensa. Ta ce ba wai sun ce ya yi ƙarya ba ne. Suna cewa ya yi raɗa ga baƙo, ya ɓuya a bayan sunan wani.

Na je ɗaki na buɗe littafin kimiyya. Shafi ɗaya na yi ta karantawa.

Lahadi, 26 ga Oktoba

Nask ba ta zo ba. Bencin duka nawa ne. Na zauna a gefen da na saba.

Talata, 28 ga Oktoba, bayan la'asar

Ta dawo. Da aka tashi na bi ta har bakin ƙofar makaranta, na kira sunanta, muryata ta fito kamar ta sauro.

Ta tsaya ba ta juyo sosai ba. "Me?"

"Ya jikin Bapir?"

"Lafiyarsa lau. Yana zaune yana hira da tsuntsuwa, tunda ita ce ba ta tashi idan ya zauna."

Na ce, "Nask, ban sani ba."

"Na san ba ki sani ba, Shaunim. Ke ai ba kya sanin komai, sai dai ki ci jarrabawa." Ta gyara jakarta a kafaɗa. "Innata ta ce kada in ƙara shigo da kowa gida. Kowa."

Na tsaya a wurin har mai gadi ya ce zai rufe.

Alhamis, 30 ga Oktoba, bayan magariba

Baffa ya zo. Bai shigo da motarsa layinmu ba, a bakin kasuwa ya bar ta. Ba kwat, kayan gida ya sa, da ɗamara, kamar Baba. Daya ta yi naɗin ganyen inabi da shinkafa, abin da ya fi so, ya ci guda biyu ya ajiye hannu.

Bayan cin abinci ya same ni ina wanke kofuna. Ya ɗauki tsumma yana gogewa, abin da bai taɓa yi ba.

"'Yar baffa, an ce suna yi miki kukan tsuntsu."

Na ce ba komai.

"Komai ne. Laifina ne, ba naki ba. Na sauya suna, na sauya gari, na sauya shekarunsa. Tsuntsuwar ce na kasa cirewa, don ta yi min kyau a shafi. Shekara ashirin ina gaya wa ɗalibai kada su yarda kyan labari ya ci amanar mai labari."

Ya ce gobe zai je gidan Bapir. Ya ce Baba ya ce dole in bi shi, don wadda ta shigar da baƙo ita ke sake shigar da shi. Na ce to.

Juma'a, 31 ga Oktoba, bayan la'asar

Zan rubuta shi duka tun ban manta ba.

Bayan an sauko daga masallaci muka je. Innar Nask ta buɗe ƙofa, ta gan mu, ta koma ciki ba gaisuwa, amma ta bar ƙofar a buɗe. Bapir yana kan darduma a gindin ɓaure, kejin a samansa. Ya rame. Baffa ya durƙusa ya nemi hannunsa zai sumbata, Bapir ya janye, ya nuna masa wurin zama.

Nask ce ta kawo shayi. Ta ajiye wa Baffa, ta ajiye min, ba ta kalle ni ba, ta koma ta tsaya jikin ƙofa. Baffa bai taɓa kofinsa ba. Ya ɗora hannuwansa a gwiwa. Kowa ya gane: mai roƙo ba ya shan shayin gida sai an amsa masa.

Bapir ya sha nasa a hankali, sukari a baki. Sai ya ce, "Mamosta, wane ne Hama?"

"Bapir, kai ne. Na ɓoye sunanka don in kare ka, sai na..."

"Na sani ka bar Basha a waje. Ta yi suna, har an gan ta a talabijin ba ta je ba. Ba ita nake tambaya ba. Wane ne Hama? Sunan Tofik ubana ya raɗa min, ya yanka rago. Kai me ka yanka?"

Baffa ya ce, "Na gaya maka ranar cewa haka muke yi, ba ma sa sunan mutum."

"Ka faɗa. Na ce yi yadda kake yi. Na ɗauka maganar rubutu ce, irin taku ta makaranta. Ban san mayafi za ka lulluɓa min kamar amarya ba." Ya ajiye kofin. "Shekaru nawa abin nan yana nan," ya taɓa ƙirjinsa, "na rasa bakin faɗa wa mutanen garin nan. Ka zo, na ce Allah ya kawo mai alƙalami, zai rubuta cewa Tofik ɗan Aziz ya ce ga abin da ya faru, ga abin da hannunsa ya yi. Da haka ka rubuta, da shaida na bayar. Mai shaida ana zaginsa, amma ana tsayawa kusa da shi a sahu. Maganar da ba ta da uba kuwa tsegumi ce."

Baffa ya dubi kofinsa. Ya yi magana, muryarsa ƙasa-ƙasa. "A littafina na farko na sa sunan wani malami, da yardarsa. Ya ce shi ba ya tsoron kowa. Yanzu 'ya'yansa suna wata ƙasa suna wanke motoci, shi kuma an binne shi inda ba a jin harshenmu. Daga ranar na rantse ba zan sake ba."

Bapir ya jinjina kai. "Allah ya jiƙansa. To ka ga, shi ka sa, ni ka cire, duka biyun ba ka yi barci ba. Wannan sana'a taka, da na sani da na ce ka koyi tuƙi wurin yayanka."

Na ga Nask ta danne murmushi. Ta gan ni, ta ɗaure fuska.

Baffa ya ce zai sa sunan a bugu na gaba, zai kuma koma talabijin ya faɗa idan Bapir ya yarda.

"Talabijin ta bari tukuna. Akwai wadda ya kamata ta ji daga bakina kafin gilashi ya gaya mata, ga shi gilashi ya riga ni." Sai ya juyo gare ni. Tun da muka shigo bai kalle ni ba sai lokacin. "Shaunim, 'yata. An ce ke ce mai kira. To ki sake yin kira sau ɗaya. Ki je wurin malamarku ki ce Tofik ɗan Aziz yana neman izinin zuwa ƙofarta. Idan na aiki namiji, 'yan'uwanta za su amsa a madadinta. Ita nake so ta amsa."

Na ce, "Bapir, ba ta ko kallona."

"Ni ma ba a kallona. Ba a mutuwa." Ya nuna kofin Baffa da haɓa. "Kai kuma, wannan ya huce. Ba za a zubar ba, ba kuma za ka sha ba. Ranar da ta amsa ka dawo a yi maka sabo."

Asabar, 1 ga Nuwamba

Na yi ta maimaita jimlar a gaban madubi. Kullum a wurin sunan nake sarƙewa.

Lahadi, 2 ga Nuwamba, da azahar

Ban iya ba. Ta wuce ta gabana da takardu, na buɗe baki, na ce mata barka da rana.

Litinin, 3 ga Nuwamba

Ban iya ba. Nask ta kalle ni da aka tashi. Ta wuce abinta, da ta zage ni ya fi.

Talata, 4 ga Nuwamba, bayan la'asar

Na jira kowa ya fita. Mamosta Runak tana goge allo. Na tsaya a bayanta, na faɗi jimlar duka a numfashi ɗaya.

Ta ci gaba da gogewa har allon ya yi fes, ta sake goge inda ba rubutu. Sannan ta ce, ba ta juyo ba, "Sake faɗa. A hankali, kamar yadda na koya muku."

Na sake. Tofik ɗan Aziz.

"Da sunansa ya ce?"

"Da sunansa, Mamosta."

Ta ajiye abin gogewa, ta kalli hannunta da ya yi fari da alli. "Mahaifiyarmu har ta rasu tana ajiye gurasa ɗaya a gefe, wai ko zai sauko daga dutse da yunwa." Ta kakkaɓe allin. "Ki ce masa ranar Juma'a, da rana tsaka, ta ƙofar gaba. Ya zo a ƙafa, ta cikin kasuwa. Kada ki ce masa na yafe. Ban ce ba."

Na ce to. Na kai bakin ƙofa ta ce, "Shaunim. Insha'inki na wancan makon ya yi tsawo a ƙarshe." Na ce na gode, ban san dalili ba.

Juma'a, 7 ga Nuwamba, da yamma

Bapir ya je. Ban gani ba, Daya ta hana ni fita. Baba ya ce ya bi ta tsakiyar kasuwa da sandarsa, masu shaguna suna kallo, Baffa yana bayansa da taku kaɗan, Nask tana riƙe da hannun kakanta. Ya ce sun daɗe a ciki. Babu wanda ya san abin da aka faɗa. Da ya fito, Mamosta Runak ba ta rako shi ba, amma ba a rufe ƙofar da ƙarfi ba.

Baffa ya biya ta gidan Bapir kafin ya kama hanyar Sulaimaniya. Na tambaye shi ko an yi sabon shayin. Ya ce an yi, ya yi ɗaci, ya shanye.

Ba a mayar wa Bapir bandirin ba. Baba ya ce da wuya a mayar. Ya ce a sallar la'asar mutum ɗaya ya tsaya a damansa, kafaɗa da kafaɗa. Hagunsa har yanzu babu kowa.

Lahadi, 9 ga Nuwamba, bayan la'asar

Da na shiga aji jakar tana kan benci. Na zauna a gefena.

Ana cikin darasi na biyu Nask ta buɗe ta, ta fito da rumman guda ɗaya, ƙarami, fatarsa ta tsage, irin na ƙarshen tsinka. Ta ajiye a kan littafina.

"Bapir ya ce a ba ki," ta faɗa ba ta kalle ni ba. "Ni ban ce ba."

Lokacin tara na ɓare shi gida biyu. Mai tsami ne, har idona ya yi ruwa. Na ajiye rabin a gefenta na benci, na fita wurin famfo. Wata ta yi kukan makwarwa, na wanke hannuna na dawo.

Rabin ba ya nan. Akwai jan ruwa a yatsunta. Jakar tana ƙasa, ta ce don kada ruwan rumman ya ɗiga a kanta ne.